Mai Waƙa Da 'Yan Amshinsa: Sharhi A Kan Fasaha Da Zumunci A Zamanin Rashin Tabbas

Duk wanda ya saba zama a majalisun bayan la'asar na unguwannin gabashin Kano, tun daga Kawaji da Dakata har zuwa Gama da Tudun Wada, inda da yawa daga cikin magidanta ko dai tsofaffin ma'aikatan masana'antun Bompai ne da aka rufe, ko masu neman abinci a kasuwar 'Yankaba, ko ƙananan ma'aikata waɗanda albashinsu ba ya ganin ƙarshen wata, ya san cewa hirar da ta rinjayi kowace hira a 'yan shekarun nan ba ta wuce ta farashin kwanon masara, da kuɗin mota, da labarin hanyar da 'yan bindiga suka tare ba. A cikin irin wannan hali, idan wani ya ɗauko zancen waƙa, ko na zayyana, ko na wani fanni daga fannonin fasaha, da wuya a rasa dattijon da zai dube shi ya ce, "Haba Malam, ana ta kai wa yake ta kaya?" Ni kuwa ina ganin tambaya ce ta haƙiƙa wadda ta fito daga zuciyar da ta gaji, bai kamata a yi mata amsar gatse ba, bai kuma kamata a lulluɓe ta da yabon adabi irin na ranar biki ba. Abin da ya wajaba shi ne a bi mas'alar tun daga tushe, a ga abin da waƙa ta zame wa Bahaushe a lokutan da ƙasa ta girgiza a baya, sa'an nan a auna ko har yanzu tana iya ɗaukar wannan nauyi.

Ya kyautu mu fara fayyace abin da muke nufi da rashin tabbas, don kada magana ta tsaya a sama. Bakanon da ya kai shekara talatin a yau ya ga Juma'ar 20 ga Janairu 2012, yayin da aka kai hare-hare wurare da dama a birnin, har da hedikwatar 'yan sanda ta Bompai wadda ba ta da nisa da Kawaji, aka rasa rayuka fiye da 150. Ya ga Juma'ar 28 ga Nuwamba 2014, da aka tayar da bama-bamai a babban masallacin ƙofar gidan Sarki daidai lokacin salla, mutum fiye da ɗari suka riga mu gidan gaskiya. Ya ga kullen annobar korona a 2020 da yawan rasuwar dattawa da malamai da ta zo a wannan tsakani. Ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023. Masu lissafi sukan ƙirga asarar waɗannan musibu da rayuka da dukiya, kuma sun yi daidai, amma akwai wata asara da ba ta shiga kundin kowa ba, ita ce kowace ɗaya daga cikinsu ta zabtare wani yanki na haɗuwar mutane. Dokar hana fita ta watse majalisar dare, tsoron bam ya sa aka riƙa caje masallata a ƙofar masallaci, kulle ya hana jam'i da zaman makoki, tsadar mota kuma ta mayar da ziyarar 'yan'uwa, wadda a da ake ware mata yini guda, ta koma gaisuwar minti biyu a waya. Ba mu kaɗai wannan ciwo ya kama ba, domin gwamnatin Ingila ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta kafa kwamiti na musamman a kan lamarin a 2023; sai dai su sun isa can ta hanyar wadata da tsufa, mu kuwa tsoro da talauci ne suke kora mu.

To, me ya haɗa waƙa da wannan? Abin da ya haɗa su yana cikin ƙirar waƙar Hausa ita kanta, domin duk wanda ya dube ta da idon basira zai tarar ba a gina ta don mutum ɗaya ba. Makaɗan baka irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata ba sa tsayawa a fage su kaɗai: jagora yana jefa ɗan waƙa, 'yan amshi suna karɓa, wani lokaci ma su ƙarasa masa abin da ya faro, sanƙira yana gefe yana warware wa jama'a nasabar wanda ake wasawa, mai kyauta yana tasowa daga cikin taro, har ya zamana waƙar da aka ji a daren yau ba ita ce daidai wadda za a ji gobe ba, saboda taron gobe wani ne dabam. Ko Ɗanmaraya Jos, wanda ya kaɗaita da kuntiginsa, jama'ar da take gabansa ce ta zame masa 'yan amshi. Rubutacciyar waƙa kuwa, mutum zai zaci ita ce ta kaɗaici, tunda malami ne yake zama cikin dare da alƙalami da tawada yana auna baiti a kan ma'aunin arulin da Halilu ɗan Ahmadu ya tsara. Alhali kuwa ita ma ba a ɗaukar ta ta kammala sai an rera ta a gaban mutane. A dubi yadda magabata suke buɗe ta da sunan Allah da salatin Annabi, wanda mai sauraro ba ya iya jin sa ya yi shiru. A dubi kuma yadda suke rufe ta, mawallafi ya faɗi sunansa da garinsu, wani lokaci da sunan malaminsa, ya ɓoye shekarar da ya yi ta a cikin ramzi, ya roƙi masana su gyara masa inda ya karkace, ya kuma roƙi duk wanda ya ji ta ya yi masa addu'a shi da mahaifansa. Wato tun tawada ba ta bushe ba ya riga ya ƙulla mu'amala da mutumin da bai sani ba, wanda wataƙila ba a ma haife shi ba tukuna.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce tahamisi. Malami ya ɗauki waƙar wani mai ƙwar biyu, ya ɗora ɗango uku nasa a gaban kowane baiti, a bisa karinta, yana bin amsa-amon ɗangon farko na mai ita, sai ta koma ƙwar biyar ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya na asali ba, kamar ɗan da ya gaji gidan ubansa ya ƙara ɗakuna bai rushe ko ɗaya ba. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukan Kano cikin watan Rabi'ul Awwal, ta Alfazazi ce mutumin Andalus wanda ya rayu har cikin ƙarni na 13, amma abin da kunnuwanmu suka saba ji shi ne ita tare da tahamisin Ibn Mahib, sa'an nan ga muryar mai karatu, ga ta jama'a masu amsawa. Haka Malam Abdullahin Gwandu ya yi wa ƙasidar yayansa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta begen Annabi, haka kuma Isa ɗan Shehu ya yi wa waƙoƙin mahaifinsa. Al'ummar da ta ƙware a irin wannan sana'a ba ta ɗauki waƙa a matsayin mallakar mai ita kaɗai ba, ta ɗauke ta wuri ne da ake shiga a zauna tare. Malamanmu kuwa ba su ga aibin haka ba, domin sun san matsayin Hassanu ɗan Sabitu a Madina, sun san yadda Ka'abu ɗan Zuhairu ya zo cikin fargabar ransa ya koma da mayafin Annabi, sun san kukan Hansa'u a kan ɗan'uwanta Sahru, sun kuma san cewa ƙarshen Suratush Shu'ara'i, bayan ya zargi sha'irai masu faɗin abin da ba sa aikatawa, ya togace masu imani da aikin ƙwarai.

Idan muka juya ga tarihin ƙasar nan, za mu ga lokutan da waƙar Hausa ta fi bunƙasa su ne lokutan da hankalin jama'a ya fi tashi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa sun yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, suka shiga shekaru na yaƙi da yunwa da cuta, aka rasa mahaddata Alƙur'ani masu yawa a yaƙin Tsuntsuwa kaɗai, amma duk da haka ba su ajiye alƙalami ba; sun yi wa malamai talifi da Larabci, sun yi wa makiyayi da manomi waƙa da Fulatanci da Hausa, saboda sun fahimci cewa abin da aka rera ya fi abin da aka karanta saurin zama a ƙirji. Wadda ta kai wannan hikima matuƙa ita ce Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Bayan ƙura ta lafa, ta tarar da al'umma cike da matan da yaƙi ya raba da mazajensu, da waɗanda aka kawo daga wasu garuruwa ba su san kowa ba, da matan ƙauye waɗanda ba su da halin zama gaban malami. Sai ta zaɓi dattijai mata masu amana, ta naɗa kowace jaji, ta ɗora mata malfa, jaji kuma ta riƙa jagorantar ayarin 'yan taru daga ƙauyensu zuwa wurin Nana, su haddace waƙoƙi a kan tauhidi da tsarki da tarihin Annabi da kyawawan ɗabi'u, su koma su koyar da waɗanda suka bari a gida. Masu nazari sukan tsaya a kan ilimin da yake cikin waƙoƙin, ni kuwa tafiyar ita kanta ta fi jan hankalina: mata suna bin hanya tare, suna cin guzuri tare, wannan ta manta baiti waccan ta tuna mata, har baƙuwa ta zama 'yar gida. A marsiyyoyin da Nana ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, da mijinta Waziri Giɗaɗo, da aminiyarta A'isha, ta nuna wa mata da maza cewa zubar hawaye ba ya warware haƙuri, kuma mai baƙin ciki yana da damar ya faɗi abin da ya rasa da sunansa.

Da Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi cikin wannan shekara, mutane suka rasa inda za su sa kansu, waƙa ce ta sake zama wurin da aka kai kuka. Imam Umaru, haifaffen Kano a 1858 wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi ta ƙasar Gana ta yau a 1934, ya waƙe zuwan Nasara da Hausa da Larabci. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda Turawa suka tuɓe suka kai Lokoja, shi ma mawaƙi ne da har yau ake nazarin hikimarsa. A nan Nassarawa kuwa, a gidan da ake kira Gidan Ɗan Hausa, Hanns Vischer ya zauna ya buɗe makarantar boko a 1909, daga nan kuma wata sabuwar ɗabi'a ta fara shigowa, ta mutum ya zauna shi kaɗai da takarda yana karatu a zuci. Amma waƙa ba ta miƙa wuya ga wannan ɗabi'a da sauri ba. Da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939 tana buga waƙoƙi, wanda ya iya boko ne yake ɗaga murya a zaure sauran suna sauraro; Imfirajin Aliyu Namangi kuma, wanda makaho ne ya tsara shi a ƙwaƙwalwarsa a Zariya, bakin almajirai da makafi masu bara ya kai shi lungunan da littafin da aka buga bai taɓa shiga ba.

Zamanin neman 'yancin kai shi ma zamanin ruɗani ne, domin babu wanda ya san irin ƙasar da za a wayi gari a ciki bayan tafiyar Turawa. Sa'adu Zungur ya zuba wannan fargaba a cikin "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da waƙa, Mu'azu Haɗeja yana Kano yana gargaɗi a kan ilimi da tarbiyya, jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 kuma ta mayar da waƙa makaminta a gaban talakawan da ba su karanta jarida. Muhawara ce ta gaske, wadda wani ya yi baiti wani ya amsa masa da baiti. Daga cikin wannan zuriya ne aka sami abin da nake gani shi ne misali mafi kusa da buƙatarmu ta yau, wato ƙungiyoyin mawaƙa na Kano a shekarun 1970, Hikima Kulob ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha wadda Aƙilu Aliyu yake cikin jagororinta. Ƙasa ta fito daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, an koma tuƙi ta hannun dama a 1972, an canja kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, ga ƙidaya, ga fari, kome yana sauyawa a lokaci guda. Sai ga mutane masu sana'o'i dabam-dabam suna haɗuwa, kowa ya rera abin da ya tsara a kan waɗannan al'amura, 'yan'uwansa su saurara su yi masa gyara, sa'an nan a kai gidan rediyo jama'a su ji. Har mata sun sami wuri a ciki, irin su Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, waɗanda aka tara waƙoƙinsu a littafin "Alƙalami a Hannun Mata". Ba kowace waƙa da ta fito daga waɗannan majalisu ce ta kai darajar waƙoƙin Aƙilu Aliyu na littafin Fasaha Aƙiliya ba, wasu ma sanarwa ce kawai aka sa wa ƙafiya, amma fa'idar majalisar ba ta tsaya ga ingancin baiti ba: mutum ya san akwai ranar da ake jiran sa, akwai kuma waɗanda za su lura in bai zo ba.

Sauran fannonin fasaha ma haka suke, ko da yake ba zan daɗe a kansu ba. Allon zayyana ana yin sa ne don ranar sauka, a ɗauke shi gida-gida 'yan'uwa su sa albarka. Maginin da ya zana dagi a fuskar soro don masu wucewa ya yi, mai gida ba ya ganin sa in yana ciki. Aska takwas da maɗinki ya yi watanni yana yi a bakin rumfa, abokan hira suna kewaye da shi, ranar idi ake fitar da ita.

Me ya sauya ke nan? Ba ƙarancin waƙa ba ne, wannan kam tabbas. Tun daga littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa, zuwa finafinan da suka faro da "Turmin Danya" a 1990, zuwa sha'irai masu bege, zuwa Aminu Ala wanda ya dawo da tsarin rubutacciyar waƙa cikin situdiyo, zuwa matan da suke shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016, babu wani zamani da Hausa ta taɓa fitar da yawan abin da take fitarwa yanzu. Abin da ya ragu shi ne wurin haɗuwa. Injin niƙa ya tafi da waƙar niƙa, siminti ya tafi da waƙar daɓe, gayya ta ja baya ta tafi da kiɗanta, domin waɗannan waƙoƙi a jikin aikin haɗin gwiwa suke, ba su rayuwa bayan sa. Dandalin gaɗa ya zama fili an yanka an sayar. Tashen azumi, wanda yake koya wa yara wasan kwaikwayo da zambo mai tsafta, hukuma ta sha dakatar da shi saboda ɓata-gari masu fakewa da shi. Tsarin gidan Nassarawa da aka shata wa Turawa, mai faffaɗan fili da shinge da maƙwabci can nesa, shi ne ya zama abin koyi ga duk wanda Allah ya buɗa wa, har aka wayi gari sababbin unguwanni suna cike da dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe, babu zaure, babu dakali. Sai kuma waya ta zo, tun daga 2001, ta ƙarasa abin da ya saura: yaro ya je a tura masa waƙa ɗari a kasuwar waya ta Farm Centre, ko ya sauke ta daga intanet, ya toshe kunnuwansa biyu, yana zaune a tsakiyar 'yan'uwansa amma ba ya tare da su. Shata ɗin da dubban mutane suka tsaya a fili suka ji tare, yanzu mutum ɗaya yake jin sa, ba mai amsawa.

Adalci ya sa in ce waya ba sharri ce zalla ba. Bahaushen da yake Jidda ko Kumasi ko Landan yana jin abin da aka rera a Kano a ranar da aka rera shi; matar da take cikin kulle, wadda a da ba ta da mai karanta abin da ta rubuta, yanzu tana da ɗaruruwan masu jiran shafinta na gobe a WhatsApp, suna yi mata tambaya suna ba ta shawara, wannan kuwa amshi ne ko da ba a ji sautinsa ba. Abin da waya ba ta iya yi shi ne ta kawo mutum ƙofar gidanka ranar da aka yi maka rasuwa.

Akwai kuma ɓangaren da masoya adabi ba su cika son a taɓo ba, shi ne cewa waƙa tana raba mutane kamar yadda take haɗa su. Zambon da jam'iyyun NEPU da NPC suka yi wa juna bai bar zumunci lafiya ba, waƙoƙin saɓanin ɗariƙa da Izala sun shiga tsakanin uba da ɗa, waƙar siyasa ta yau kuwa, wadda ita ce ta fi kowace kawo kuɗi, sau da yawa ba ta da aiki sai ɗaga wanda ya biya da tozarta abokin hamayyarsa, in zaɓe ya juya kuma mawaƙi ya juya. Yabon masu mulki ba sabon abu ba ne a wurinmu, amma makaɗin fada na da yana tare da gidan sarauta guda tsawon rayuwarsa, kuma a cikin yabon nasa yana tuna wa sarki halin kakanninsa da abin da ake jira daga gare shi. Yabon da ake saye na wata uku ba ya ɗauke da wannan haƙƙi. Maganin wannan kuwa ba na jin yana hannun hukuma ita kaɗai. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Kano a 2001, kuma ba na musun cewa al'umma tana da haƙƙin kare tarbiyyar 'ya'yanta. Amma ƙona littattafan hikaya da aka yi a 2007, da kama Aminu Ala a 2009 a kan waƙar "Hasbunallahu", sun nuna cewa sandar da aka yanko don batsa tana iya sauka a kan mai kukan zalunci. Abin da yake gyara mawaƙi tun asali shi ne idon tsaransa da na malamansa a majalisa, inda za a ce masa wannan baiti ya karye, wannan kuma bai dace da kai ba, ya ji kunya ya gyara.

Yanzu kuma ga kwamfuta ta koyi tsara baiti, tana ma iya kwaikwayon murya da kiɗa, har wasu suna tambaya ko sauran amfanin mawaƙi. Mu da muka tashi a kan ilimin sanadi, inda ba a karɓar magana sai an san daga bakin wa ta fito, bai kamata wannan ya ruɗe mu ba. Abin da ya sa marsiyyar Nana Asma'u take sa kuka shi ne sanin cewa mace ce ta gaske ta rasa ɗan'uwa na gaske, kuma ita ma ta bi shi. Abin da ya sa ake amsa roƙon da mawallafi ya yi a ƙarshen waƙarsa shi ne yana kabari yana buƙatar addu'ar. Na'ura za ta iya cika ma'aunin aruli ba kuskure, za ta kuma amfani ɗalibi wajen nazari, amma ba ta da mahaifan da za a nema wa gafara.

Saboda haka ba zan yi da'awar cewa waƙa tana sauke farashin hatsi ko tana buɗe hanyar da 'yan bindiga suka tare ba. Wanda ya faɗi haka ya zalunci mayunwaci. Abin da take yi ya fi wannan ƙanƙanta, amma babu mai yin sa sai ita: tana ba mutum lafazin abin da yake ji ya kasa faɗa, tana kuma sanar da shi cewa na kusa da shi ma haka yake ji, daga nan ne kuwa taimakon juna yake farawa. A Rasha ta zamanin Stalin, lokacin da ajiye takarda yake iya jawo ɗauri, aminan mawaƙiya Anna Akhmatova ne suka haddace baitocinta a kan matan da suke layi a ƙofar kurkuku, aka ƙone takardun, waƙar ta rayu shekaru a ƙirjin mutane ƙalilan waɗanda amana ta ɗaure su. Sharaɗin dai ɗaya ne a can da nan, sai an sami mutum na biyu.

Wannan sharaɗi kuwa ba ya buƙatar kasafin kuɗi mai yawa. Makarantun Islamiyya na Kawaji da maƙwabtanta har yanzu suna koyar da yara ta hanyar rerawa tare, majalisun maulidi da maukibin Ƙadiriyya suna nan, ɗakin karatu na Murtala Muhammed yana nan a Nassarawa, marubuta matasa kuma sun fara komawa ga karanta waƙa a gaban jama'a da Hausa da Turanci. Abin da ya rage shi ne malamin Hausa a sakandare ya daina koyar da Sa'adu Zungur a matsayin jerin tambayoyin jarrabawa, ya sa ɗalibai su rera shi, ya kuma ba su baiti biyu su gwada tahamisi. Masu unguwanni su ɗauki tashe su tsare shi maimakon a bar shi ya mutu. Mai ginin sabon gida ya bar wurin tabarma a ƙofarsa. Akwai kuma aiki guda da ba ya jira. Littafi yana adana kalmomin waƙa, amma ba ya adana karin muryar da mai ita ya rera ta da shi, kuma da yawa daga waɗannan karuruwa ba su da mazauni sai tsofaffin faya-fayen Rediyon Kano da na Kaduna, da kaset-kaset da suke lalacewa a akwatunan gidaje, da ƙirjin dattawan da suka ji Aƙilu Aliyu da Mudi Sipikin da kunnensu. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano suna da masanan da za su iya wannan aiki, matasa kuma suna da wayoyin ɗaukar murya a aljihunsu. Sai a fara da dattawan, a je gidajensu a zauna a gabansu su rera, tun suna da ƙarfin yi.